Tsarabar Wiwi

Zan iya manta ranar aurena, da ma ba wani abin kirki aka ci ba, amma ranar da na tona wa kaina asiri a gaban mahaifinmu tana nan daram a raina har in koma ga Allah.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, na dawo daga ci rani a Najeriya zuwa ƙauyenmu na ƙasar Gabi. Abokan tafiyata sun kawo rediyo da atamfa, ni kuwa gwanin dabara na kawo wiwi cikin gwangwanin madara. Bayan rumbu muke laɓewa mu busa, ni da ƙanena mai bi mini. Ni iyakarsa ya sa ni dariya da cin tuwo kamar gara. Shi kuwa kafin damina ta yi nisa ya daina barci, ya ce jakinmu yana kai rahotonsa wurin jandarmomi. Har ƙyaƙyatawa na yi. Da ya fara ƙin abincin Inna wai an sa masa guba, sai dariyar ta ɗauke.

Gida ya rabu biyu. Kakarmu, wadda ba ta taɓa sakin bori ba, ta ce iska ce, a nemo baƙin bunsuru. Baba ya ce wannan kafirci ne, rubutu za a sha. Aka sha rubutu a fili, aka yanka bunsuru a ɓoye, mara lafiya na nan jiya i yau. Naman dai na ci, ban fasa zancen wiwin ba, don tsoron Baba ya fi ƙarfina. Sai da na ji an aika wa maƙeri ya ƙera mari za a ɗaure ƙanena, sannan na tashi tsaye. Na lallaɓi Baba mu fara gwada asibiti, muka ɗora shi a amalanke sai Madarunfa.

Lokotoron wani siririn saurayi ne, bai daɗe da gama karatu ba. Ya duba shi, ya ce, "Baba, shina shan wani abu? Ganye ko ƙwaya?"

"A gidana? Ko taba ba a sha," in ji Baba.

Na dubi ƙanena a rakuɓe, ya toshe kunnuwa da hannuwa saboda wasu muryoyi da shi kaɗai yake ji. Kunya da tausayi suka rufe ni. Na ce, "Shina shan wiwi. Ni na kawo, tare muka sha."

Baba bai ko kalle ni ba. Ya ce, "To in tare sunka sha, mi ya hana wanga haukacewa?"

Lokotoro ya ce ba da jimawa ba masana suka gano jikin mutum da kansa yana haɗa wani abu mai kama da na cikin wiwi, ɗan kaɗan, wanda ke taimaka wa ƙwaƙwalwa ta daidaita barci da yunwa da tsoro. Hayaƙin ganyen yakan dagula wannan ma'auni. Wani ya sha ya tsira, wani kuwa da rauninsa aka haife shi, sai abin ya buɗe masa ciwo.

"Jikin kowa?" Baba ya tambaya. "Har liman?"

"Har liman. Har kai, Baba."

Baba ya yi salati, ya ce shi dai nasa jikin bai haɗa komai ba. Sannan ya nuna ni da haɓa. "Wanga kam na gane. Babu hankalin da za ya taɓu."

Aka yi wa ƙanena allura, aka tura mu Maradi. Marin bai hau ƙafarsa ba. Bayan watanni ya dawo hayyacinsa, yana noma, ya yi aure, amma har yau in ya bar shan magani muryoyin sukan dawo. Baba bai doke ni ba, magana ya daina yi mini har aka yanke gero. Ƙanena kuwa bai taɓa ce mini kai ka ja mini ba, kuma wannan ya fi duka ciwo.

Tun daga nan na daina miƙa wa mutum abu don kawai ni bai yi mini komai ba. Ba ka san abin da kan ɗan'uwanka zai iya ɗauka ba, ko da nono ɗaya kuka sha.