Kawu Gudaji da Tafkin Zartsi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, goma ga watan Afrilu, 1974, bayan la'asar, aka kashe ƙanin mahaifiyata, Kawu Gudaji, a tafkin da yake kiwon tarwaɗa a bayan garinmu, kusa da Gagarawa. Ina gida hutun makaranta, kuma a kan idona aka yi.

Kawu, ka san ban iya magana cikin mutane ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kai ka fara zuba 'ya'yan tarwaɗa a tafkin nan, ana yi maka dariya, wai kifi a ƙasar rairayi. Duk jajibirin kasuwar Maigatari sai ka daka ganyen magimfa mai bugar da kifi a turmi, ka tare lungu guda na ruwan da laka, ka zuba kaɗan. Kifin su yi laushi kamar masu barci, ka tsince su ka sa a tulun ruwan daɗi, su farfaɗo a hanya. Kakan ce mini, "Safiyatu, kifi ma rai ne, ba a kai shi kasuwa a firgice." Babu mai jego a unguwarmu da ba ta sha romon kifinka kyauta ba.

Bana fari ya janye ruwan, kanwa ta fito fara fat a gefe, abin da ya rage ya koma zartsi. Ranar nan ka zuba awon da ka saba, kifin suka ƙi kwanciya. Ka ɗanɗani ruwan, ka tofar, ka ce zartsin ne ya rikita maganin. Ka ƙara, ka sake ƙarawa. Sai suka taso gaba ɗaya, ciki sama, matattu.

Kana tsaye cikin ruwa kana kallon asararka, sai saniyar wasu baƙin makiyaya, wadda yunwa ta riga ta cinye, ta faɗi a ɗaya gefen. Suka ga matattun kifi, suka ga turmi. Ba su tambaye ka komai ba. Sanda ta farko ta fasa maka goshi. Ka ɗaga hannu kana cewa, "Ku tsaya, bayin Allah," suka karya hannun. Suka yi ta dukanka har ka kife cikin laka, ɗayansu ya take maka wuya. Na yi ihu har muryata ta dushe. Kafin mutane su iso, jininka ya rine kanwar.

Yanzu a bakin rijiya ana raɗa cewa guba ka zuba wa dabbobi, 'ya'yanka kuma suna ji. Ni na ga saniyar nan. Ta faɗi tun ba ta kai bakinta ruwa ba. Haka na gaya wa dagaci, haka kuma zan faɗa gaban alƙali.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya sa wannan azaba ta zama kankarar zunubi, ya haskaka kabarinka. Ina yi wa matarka Inna Laure ta'aziyya, da 'ya'yanka Bilya da Hassana. Allah ya ba ku haƙuri. Bilya da Hassana, ku je rijiya kanku a ɗage, babanku bai kashe saniyar kowa ba.