Faifai Mai Zobe Huɗu

Ban taɓa kiran sunanta ba, kuma a wannan rubutun ma ba zan kira ba. Mai son ji ya je wajen ƙanwata, ita ce bakinta ba shi da linzami. 'Yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta ɗaukarsa tana yi masa wasa in da idon wani a wurin. Kunya ce, haka na tarar, haka uwata ta yi wa yayanmu har ta koma ga Allah. Ni da na yi shekaru ina koyar da 'ya'yan mutane faransanci a lakwal, makarantar boko, ina yi musu tsawa su ɗaga kai su yi magana, wannan abu ɗaya boko bai iya cire mini shi ba. In zan kira ta sai in ce “ke”. In zan ba da labarinta sai in ce “yarinyar nan”.

Da aka yaye ta aka kai ta Droum wajen uwata, kamar yadda ake yi. Can ta koyi kallon sama. Tsohuwar takan shimfiɗa tabarma bayan magariba ta nuna mata Kaza da 'ya'yanta, ta nuna mata Zara, ta gaya mata wadda in ta fito manomi zai soma gyaran gona. Da ta isa shiga lakwal aka maido mini ita Birni, sai kuma ƙaddara ta jefo ta ajina shekara guda. Wannan shekara na sha wuya. Kowane yaro in kira shi da sunansa ya zo allo, ita kuwa sai in ce, “Ke ta bakin taga.” Ita ce ta fi kowa, ita ce kuma ban taɓa ce wa madalla ba. Ranar da ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, mata suka cika gidan da guɗa, ni na shige madafa na zabga wa miya gishiri har ba ta ciwuwa.

Ta samu burs, tallafin karatu, ta tafi ƙasar Turawa, ta daɗe. Mahaifinta ya rasu tana can. Na san dai karatun taurari take yi, amma ban taɓa tambayarta ba. In ta kira a waya, gaisuwa ce, sai in ce ta riƙe salla, in miƙa wa ƙanwata su yi ta zuba.

Wata rana da la'asar ƙanwar tawa ta shigo tana rawar jiki, ta tura mini waya a fuska.

“Yaya, dubi aikin 'yarki.”

“'Yar wa?” na ce. “Kauce mini, kina tare mini haske.”

Amma na duba. Hoto ne na zane: ɗigo rawaya a tsakiya, zobe huɗu sun kewaye shi, kowane zobe da ɗan ƙwallo a kansa. Ƙanwata ta ce wata tauraruwa ce mai kama da ranarmu sak, sai dai ta ɗan fi ta ƙanƙanta, kuma a lissafin masu taurari maƙwabciyarmu ce, ko da yake haskenta yana yin kusan shekara goma sha biyu a hanya kafin ya iso mana. Zobban nan hanyoyin duniyoyi ne da ake zaton suna zagaya ta, yadda tamu ke zagaya rana. Yarinyar nan tana cikin masu binciken su. Turawa suna da sunan da suke kiran tauraruwar, ban riƙe ba.

Na ce, “To, Allah ya taimaka,” na ci gaba da tsince shinkafata. Zuciyata kuwa kamar ta fasa ƙirji ta fito don daɗi. 'Yar da ta yi rarrafe a rairayin Droum, yau ita ce ke leƙa gidan wata rana.

Tun ina yarinya na iya saƙar faifai, wajen uwata na koya, kuma da na ajiye alli na koma mata don kada hannu ya mutu. Washegari na jiƙa kaba, na rina wata rawaya, wata ja, wata baƙa, na ɗauki basilla. Na fara da cibiya rawaya, na bi ta da fari, na zagaya zobe ja, na dasa ɗan ƙulli baƙi a kansa, haka har zobe na huɗu. Da na gama na riƙe shi ina kallo, sai na ga ba zan iya ajiye shi a ɗakina ba, kowa ya shigo zai gane. Na kai wa maƙwabciyata da ta haihu. Daga nan abin ya zama mini ciwo. Suna, biki, tarewa, dawowa daga Makka, duk wadda za a kai wa gudummawa a unguwarmu sai ta samu faifaina. Mata suka sa masa suna mai zobe huɗu, har ana aiko mini daga Gouna. In an tambaye ni inda na samo zanen sai in ce, “Wata yarinya ce ta zana.” Ban yi ƙarya ba.

Shekaru suka tafi a haka. Sai ga ta ta zo gida da kaka, ana cikin yankan gero.

Kowa ya san abin da ake yi wa wanda ya dawo daga tafiya mai nisa: maƙwabta su aiko da abinci. Ni ce ban yi tunani ba. Ina tsaye a tsakar gida sai ga kwanon farko ya shigo, tuwon dawa, a rufe da faifaina. Na tare shi a zaure, na cire faifan na cusa a bayan randa, na rufe kwanon da murfin tukunya. Kafin in juya ga na biyu, fura, shi ma mai zobe huɗu. Ranar nan ni ce mai gadin zaure. Mace mai shekaruna, mai jikoki, tana sace fayafan da ta saƙa da hannunta tana ɓoyewa kamar ɓarauniyar kaji. Yarinyar nan tana ɗaki tana ta karɓar kwanoni da murafan da ba nasu ba, har na ji tana ce wa ƙanwata mutanen Birni sun daina saƙa ke nan.

Kwana biyu da zuwanta ƙanwata ta same ni ina wanke-wanke. Ba ta yi dariya ba, abin da ba ta saba ba.

“Yaya, an ba ta aikin koyarwa a jami'ar garin nan. Binciken nata ma ta ce za ta iya ci gaba da shi daga nan, tunda ta na'ura ake aiko musu da awon. Kafin ta koma za ta ba su amsa.”

Na ci gaba da wanke-wankena.

“Ta ce ba za ta karɓa ba. Ta ce wa za ta dawo wa? Babanta da ke tambayarta aikinta ya tafi. Ke kuwa, ta ce, tun da ta fara ba ki taɓa tambayarta me take yi ba. Tana ganin kunyarta kike ji, irin kunyar abin da ba a so. Da kuka ta gaya mini.”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, “Ita baƙuwa ce a garin nan? Ba ta san 'yar fari ba? Turawa sun wanke mata kai ne?”

“Ta sani, Yaya. Sani daban, ji daban. Ki buɗe baki ki gaya mata, kalma ɗaya ce.”

“Bakina ba zai iya ba.”

“To ki zauna da kunyarki, ita kuma ta hau motar kar ranar Asabar ta koma.”

Ta tafi ta bar ni. Na wanke kwano ɗaya har ya kusa hujewa. Tsoro ne ya kama ni, tsoron in mutu a gidan nan 'yata tana wata ƙasa tana zaton ban ɗauke ta komai ba.

Ranar Alhamis da yamma aka gayyace ta ta yi wa ɗalibai jawabi a lise, sakandaren da ta yi. Matan unguwa suka ce sai sun je ganin 'yarsu. Na ce ni ina da aiki. Da suka fita na yafa mayafi na bi bayansu, na zauna a bencin ƙarshe, kusa da ƙofa.

Da Hausa ta yi, saboda iyayen da suka zo. Ta ce duniyoyin nan ba wanda ya taɓa ganinsu, ko da madubin hangen da ya fi kowane girma, hasken tauraruwar ya rufe su. Wani malami ya ce to ta yaya aka san suna nan. Ta ce, “Kun taɓa ganin mace ta riƙe hannuwan yaro tana juyi da shi? Yaron ne ke zagayawa, amma ita ma sai ta ɗan karkata. Ko da katanga ta tare muku yaron, in kun ga yadda matar ke rangaji kun san tana riƙe da wani. Haka muke yi. Tauraruwar tana ɗan matsowa, tana ɗan ja da baya, a hankali, bai kai tafiyar tsohuwa ba. Shekaru muke yi muna awon wannan.”

Na dubi ɗaliban nan, manya-manyan samari da 'yan mata, bakinsu a sake. Na dubi tsofaffin malamai, har da wanda ya taɓa ce mini kimiyya ba ta mata ba ce, yana ta gyaɗa kai. Wallahi na ji na ƙara tsawo a kan bencin nan.

Sai ta haska zanen a bango.

Ɗakin ya ɗauki gunaguni daga ɓangaren mata. Maƙwabciyata, wadda na fara kai wa, ta ce da ƙarfi, “A'a, wannan ai faifan Madam ne.” Madam suke kirana tun ina koyarwa. Wata ta ce nata yana kan kwanon mai gidanta yanzu haka. Yarinyar nan ta tsaya tana kallonsu, ba ta gane ba, ta yi murmushi ta ci gaba. Ta ce gaskiyar magana, huɗun nan ba su tabbata duka ba. Sabon awo ya sa ana shakkar wasunsu, wataƙila motsin jikin tauraruwar ne kawai aka ɗauka duniya. Mai yiwuwa a rage.

Ban san lokacin da na ɗaga hannu ba, kamar 'yar aji. Ta gan ni.

Na ce, “Malama, wanda ya riga ya yi shekaru yana saƙa huɗu fa? Ya bi gida-gida yana kwancewa?”

Mata suka fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta dubi bango, ta dube ni, ta dubi ƙanwata da ke gaba tana share ido da bakin zane. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na ja mayafi na fice, ban tsaya jin amsa ba.

Bayan magariba ta shigo. Ina zaune a tabarma a tsakar gida, na juya wa ƙofa baya. Na ji ta tsaya a zaure, na ji ana jan randa. Ƙanwata ta tona ni ke nan. Ta fito da fayafan rungume a ƙirji, ta zauna a gefen tabarmar, ta shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya. Akwai sabbi, akwai waɗanda suka sha hayaƙi har rawayar ta koma ruwan ƙasa, akwai wanda gefensa ya fara zarewa. Ta ɗauki wannan tsohon tana shafa zobban da yatsa.

“Inna, tun yaushe?”

“Kaba ce ta yi mini yawa a gida,” na ce.

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Ta matso har kafaɗarta ta taɓa tawa, ban janye ba. Ta ɗaga hannu wajen kudu maso gabas, sama da katangar maƙwabta, ta nuna mini wata 'yar tauraruwa da ba ta da wani haske na a zo a gani. Da ni kaɗai ce da ban ko dube ta ba. Na daɗe ina kallonta.

Na ce, “Ba ki ba ni amsa ba ɗazu. Wanne zan kwance?”

“Kada ki kwance ko ɗaya, Inna. Ki bari sai na tabbatar. In na tabbatar zan zo in gaya miki da bakina, daga jami'a zuwa nan ba nisa.”

Na ji abin da ta ce sarai. Na tashi na shiga madafa, na tsaya a gaban murhu har idanuna suka bushe. Na zuba tuwo, na ɗauki faifai ɗaya mai zobe huɗu na rufe kwanon, karo na farko a gidana. Na leƙo na ce, “Ke, zo ki ci kafin ya huce.”

Ta ce, “Na'am, Inna,” ta taso.