Mai Duba Idon Mahaya Keke

Ana sallame sallar asuba Malam Ɗantsoho yake fito da kekensa, ya ɗaure buhu a kariya, ya nufi wani fili a bayan garin Gumel. Shekara ashirin da shida ya yi yana haka. Mai gyaran keke ne, rumfarsa tana bakin kasuwa, amma ba ya buɗe ta sai ya gama da samarin da yake horarwa don tseren keke. Kafin gaisuwa ta yi nisa zai kama haɓar mutum ya juya fuskarsa ga haske ya leƙa idonsa, sannan ya riƙe wuyan hannunsa ya yi shiru yana jin bugun jini. Babu mai tsallake wannan, ko ɗan cikinsa ne. Malam Ɗantsoho bai yarda da kowa ba, kuma in za a faɗi gaskiya, garin ma bai yarda da shi ba.

Laifinsa dai samarinsa suna cin tsere. Mu kuwa nan, in mutum ya yi fice ba mu cewa ya yi ƙoƙari, sai mu tambayi me ya taka. Wasu suka ce laya yake ɗinke musu a ƙarƙashin sirdi. Wasu suka ce a garin da ke kusa da iyaka, wanda yake fita da buhu a ɗaure kullum da sassafe ba ya bukatar bayani, ƙwaya ce daga tsallake.

Cikin masu wannan zargi babu wadda ta kai Ummulkhair, ma'aikaciyar jinya a Ɗanzomo, kuma ita tana da dalili. Yayanta Bilal ɗan acaɓa ne, ya fara shan ƙwaya don kada ya gaji, ƙarshe a hannunta ya cika yana jijjiga. Ƙaninta Anas kaɗai ya rage wa mahaifiyarsu a maza, shi ne kuma gwanin samarin Malam Ɗantsoho. Shekara huɗu da suka wuce ta ga Anas ya daina cin tuwo, hannunsa yana rawa in ya ɗauki kofi, magana kaɗan sai faɗa. Ta san alamun nan sarai, tsoro ya kama ta. A ranta ta gama yanke hukunci: tsohon nan ne zai kashe musu na biyu.

Ta kwana gidan gwaggonta a Gumel, da safe ta je filin ta raɓe bayan wata bishiyar dogonyaro. Ta ga samari sun saɓa buhuna a kafaɗa suna tsugunawa suna miƙewa. Ta ga wasu suna hawa wani tsohon turmi da aka kife, da ƙafa ɗaya, su sauko a hankali. Biyu suna jan guga a rijiyar masu lambu, tsohon yana tsaye a kansu yana faɗa.

"Manu, miƙe bayanka. Keke ba da ƙwauri ake tuƙa shi ba, da ƙugu ne da cinya. Wanda bayansa ya mutu, ko tudun gidan tururuwa sai ya sauke shi."

Duk wannan bai wanke shi a wurinta ba. Mai sayar da ƙwaya ma ai zai iya sa mutane tsalle don a gani. Ta fito fili, ta gaishe shi gaisuwar da ba ta kai ciki ba.

"Baba, ni yayar Anas ce. A kwance mini buhun can na kan kekenka."

Ya dube ta, ya kwance. Yashi ne. Ta cusa hannu har gwiwar hannu tana lalube, ba ta ji kunyar kowa ba. Yashi ne har ƙasa, nauyin da yake ɗora wa kansa don kada ƙafarsa ta yi lalaci. Sai a lokacin ta lura Anas ba ya cikin masu atisaye. Yana can gefe a zaune, kansa a sunkuye.

Malam Ɗantsoho ya ja ta nesa da kunnen sauran, ya ciro wani ƙullin leda daga aljihu ya buɗe. Ƙwayoyi ne, irin na Bilal sak.

"'Yata, abin da kike nema ke nan. Kwana goma sha ɗaya idon Anas bai yi mini ba. Na tambaye shi, ya rantse. Da ya kawo keke gyaran birki na zare robar hannu, na same su a cikin bututun kan keke. A kasuwar Maigatari wani ya ce masa da su ake cin tsere."

Ta zo da baki cike da zagi, ta rasa inda za ta ajiye shi.

Saura mako uku a yi babban tsere a Dutse, kuma da Anas aka dogara. Malam Ɗantsoho ya cire sunansa, bai gaya wa kowa dalili ba. Aka je aka sha kaye. Gari ya ɗauka: hassada ce, yaron ya fi shi suna, a'a, wasu ne suka saye shi. Iyaye uku suka janye 'ya'yansu. A rumfarsa sai da ya yi wata biyu yana korar ƙuda. Ummulkhair ta je ta roƙe shi ya bari ta faɗa wa mutane gaskiya.

"Ki bar su. Ni tsoho ne, babu abin da ba a ce a kaina ba. Shi ko aure bai yi ba. In aka ce masa ɗan ƙwaya sau ɗaya, har jikokinsa sai sun ji."

Ita ta riƙe Anas ta fannin asibiti, shi ya riƙe shi a fili. Ya mayar da gwanin nan farko kamar wanda bai taɓa hawa keke ba: tsuguno ba kaya, sannan rabin buhu, hutu ranar Juma'a ko yana so ko ba ya so, fura da nono da gyaɗa bayan atisaye. Sau biyu Anas yana guduwa gida, sau biyu tsohon yana tuƙa keke har Ɗanzomo ya dawo da shi. Sai bayan wata tara ya bar shi ya sake shiga tsere.

Bana gwiwa ta ce wa Malam Ɗantsoho ya isa, ya miƙa filin ga Anas. Anas ɗin ne da kansa ya ce a buga labarin nan da sunansa, don ya gaji da jin ana zagin mutumin a madadinsa.

Kai ne, Malam, ka nuna wa samarinmu cewa ƙarfin feda a buhun yashi yake da haƙuri da barci isasshe. Kai ne ka zaɓi a sha kaye a Dutse da a ci da ɗan wani a bakin kabari. Mun zarge ka shekara da shekaru a kan abin da kai kaɗai kake yaƙa, kuma muna jin kunya. Masu horar da matasa a ƙwallo da dambe da kokawa, ku duba idon yaranku kafin ku duba kofi.

Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba gwiwa lafiya. Da aka tambayi Ummulkhair abin da za ta ƙara, ta ce a rubuta wannan kawai: "Innarmu ta binne ɗa ɗaya. Saboda mutumin da na je zagi, ba ta binne na biyu ba."