Hayaƙin da na tura ramin gafiya a Anacha

Ko tsufa zai kwashe min komai daga ka, ban ga alamar zai iya da wannan ranar ba. Lokacin ba mu daɗe da tarewa a wata unguwa da ke gefen Anacha ba, maigidana yana sayar da albasa a kasuwa, ni kuma ina gida. Ni 'yar manoma ce, ba na iya ganin ƙasa a kwance in ƙyale ta. Sai na roƙi tsohuwar da muke haya a gidanta, wata Inyamura da ta taɓa zama a Kano, ta bar min ɗan filin bayan ɗakinmu. Na sa dankali da gyaɗa da yakuwa.

Shuka ta yi kyau, sai gafiya ta ce ita na yi wa. Kullum da safe in tarar da sabon rami, ganyen dankali a tsaye amma ƙasansa wayam. Na sa tarko ta cinye abin ciki ta bar min ƙarfena. Maigida ya ce in haƙura, ni kuwa da taurin kai aka haife ni.

Ranar da abin ya ishe ni, bayan ya fita kasuwa, na yi mata irin ta garinmu. Na toshe ƙananan ramukan da laka, na cusa busasshiyar ciyawa da barkono a bakin babban, na kunna wuta ina fifitawa da faifai. Fartanya tana gefena, ina jiran ta leƙo.

Abin da ya huda lakar ya fito ba gafiya ba ce. Mesa ce, kaurinta ya kai damtsena. Ta jawo jiki a hankali har tsakiyar kunyar gyaɗa, ta miƙe, ta daina motsi. Ban san na yi ƙara ba sai da na ga tsohuwar a kaina.

Ta dubi macijiyar, ta dubi hayaƙin, ta ɗora hannu biyu a ka. Cikin Hausarta ta ce, "Yarinya, kin buge ta?"

Na ce, "Wallahi Mama ban taɓa ta ba, hayaƙi ne kawai."

Ta ce, "Ki roƙi Allahnki kada ta mutu. Nan garin ba a kashe ta. Uwa ce a wurinmu, in ta mutu binne ta ake yi kamar mutum. Kuma ke baƙuwa ce."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta fi ba ni tsoro. Kafin in haɗiye yawu maƙwabta sun cika bayan gidan, suna magana da yarensu suna nuna ni. Wani ɗan acaɓa ya matso ya ce da ni da Turancin buroka, "Madam, na you kill am?" Wai ni na kashe ta? Na girgiza kai kawai. Tsohuwar ta ja fartanyar da ƙafa ta tura ƙarƙashin ganye, ta tsaya tsakanina da su. Ni dai tunanina ya tafi kasuwa, wurin maigida da sauran Hausawan da ke zaune a rumfunansu ba su san abin da na jawo musu ba. Na sha jin yadda ƙaramar magana ke zama wuta a ƙasar da ba taka ba, kuma ga ashana a hannuna.

Aka kira wani dattijo. Bai ko kalle ni ba, ya durƙusa yana yayyafa wa mesar ruwa yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, yadda ake lallashin jariri. Ni da tun ina yarinya ko igiya na gani a hanya sai na yi tsalle, ga ni ina karanto duk addu'ar da na sani don maciji ya rayu. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tsayuwar ba.

Can sai harshenta ya fito, wutsiyar ta motsa. Na zube a kan kunya ina kuka. Dattijon ya ɗauke ta a kan sanda ya nufi rafi da ita, mutane suka bi shi. Kafin su yi nisa tsohuwar ta nuna min inda cikin mesar ya kumbura, ta ce, "Gafiyarki ke nan. Aikinki take yi miki kika shaƙe ta."

Da maigida ya dawo na ba shi labari, sai ya tashi ya je ya durƙusa ya yi wa tsohuwar godiya.

Gaskiyar masu magana, baƙo ko da ido makaho ne. Tsohuwar nan taku kaɗan ne tsakanin ƙofata da tata, da na tambaye ta da ba a yi haka ba. Tun daga ranar na gane cewa dabarar garinku a garinku take dabara, kuma baƙo in ya yi kuskure ba shi kaɗai yake biya ba.