Tafiyata Sakkwato Kan Gunkin Kakanmu

Asabar

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar Malumfashi. Ladi, matar yayana Bitrus, ita ta kira ni, muryarta da ƙyar take fita. Wata huɗu ƙafafunta na kumbure, Yaya kuma ya hana a kai ta asibiti.

Mu Kiristoci ne, amma kakanmu Bamaguje ne mai tsafi. Da Baba ya rasu, Yaya ya ɗauke gunkin Kaka a ɓoye ya kai gidansa a Sakkwato. Daga nan ya bar zuwa coci, ya bar kiran 'yan'uwa, sai yanka kaji da tsoron kowa.

A Funtuwa na sake mota ƙarfe bakwai. Kafin Gusau mun tsaya a shingen sojoji shida. A Talatar Mafara na ci tuwon shinkafa da miyar kuka, na saya wa Ladi lemo. Uku da kwata muka shiga Sakkwato, mai Keke Napep ya kai ni Dundaye.

Dundaye

Maƙwabcinsu, wani dattijo mai sayar da gero, shi ya nuna min gidan. Ya ce matarsa ke kai wa Ladi kunu kullum. “Mun yi mishi magana har mun gaji, ɗiyata. Wanga abu shirka na.”

Na iske Yaya zaune a ƙofar ɗan ɗakin da ya ajiye gunkin, ya rame, bai ko yi min sannu da zuwa ba. Na tuna abin da Littafi Mai Tsarki ya faɗa, cewa mai dogara ga gunki yakan koma kamarsa, da baki ba magana. Da na matsa masa, ya ce boka ya gaya masa ran da Ladi ta taka asibiti, gunkin zai ɗauke ta.

Na ce, “Yaya, ka manta? Kiryar da Kaka ya sare a bakin rafi, da ita aka sassaƙa turmin Inna, aka yi girki da rassan. Guntun da ya rage ne wannan.”

Ya ce kada in taɓa. Amma na yi addu'a na shiga na yaye jan ƙyallen da aka lulluɓe gunkin da shi. Ina ɗagawa na ji shi sakayau. Gara ta cinye cikinsa tas, wuyan ya karye a hannuna.

Yaya ya daɗe yana kallon garin itacen a ƙasa. Can ya ce, “Saratu, nemo mota.”

Litinin

Likita ta ce ciwon zuciya ne da hawan jini. Jinkirin ya yi ɓarna, idon Ladi na hagu ba zai ƙara gani sosai ba, amma za ta tashi. Yaya ya durƙusa gaban gadonta ya roƙi gafara. Ta ce ta yafe, sai dai ya fara roƙon Ubangiji tukuna.

Alhamis

Shida na safe Yaya ya raka ni tasha, ya ce in gaya wa Inna zai zo Kirsimeti da iyalinsa. Na isa gida huɗu da rabi na yamma. Inna ta sa na maimaita mata saƙon sau uku. Na gode wa Allah da ya kai ni Ladi na da rai, na kuma gode wa dattijon nan da matarsa, da suka riƙe ta kafin in zo.