Bitamin ɗin Illa

Yau a gaban likita a Madawa na kusa fashewa.

Ya duba sakamakon jinin Innata, ya ce kitsen da ke neman toshe mata jijiya ya ragu sosai. Sai Inna ta ɗaga hannu sama: "Allah shi yi ma Illa albarka! Bitamin E ɗin da ya aiko daga Abijan ne."

Illa ƙanena ne, rabonsa da garinmu Azarori tun kafin ta fara ciwo. Ni nake dafa mata zogale, ni na raba ta da man shanu, ni nake shan zagi a kai.

Na ce, "Inna, ki ji tsoron Allah! Ko ƙwaya guda ba ki haɗiye ba. Duk tsohuwar da ta shigo gaisuwa kina miƙa mata ɗaya kamar goro, kina cewa ɗanki ya aiko."

Ta ce, "Shi yana nesa ya tuna da ni. Ke da kike nan kullum, mi za a gode miki?"

Ku masu jinyar iyaye a gida, ku ma haka ake yi muku?