Kunnen Bawa Mai Rijiya

A jami'ar da ke Kalgo an koya mana cewa duwatsun duniya iri uku ne. Akwai wanda ya narke a cikin ƙasa saboda zafi sannan ya huce ya daskare. Akwai wanda ruwa ya tara, laka kan yashi, yashi kan laka, har nauyi ya danne su suka zama dutse, kuma irinsa ne ya shimfiɗe ƙasarmu ta Gwandu. Na uku shi ne wanda zafi da matsi suka sauya wa kama. Ranar da na kawo wa Baba wannan karatu, sai da ya gama cin tuwonsa tsaf sannan ya ce, "Uku kam uku na, Rahmatu. Amma malamanku sun ɓata sunayen."

Mahaifina shi ne Bawa mai rijiya na Dodoru. Shekara talatin da 'yan kai yana haƙa, bai taɓa riƙe alli ba, amma ya raba duwatsu yadda ya ga dama kuma babu mai ja da shi. A wurinsa akwai namiji, wato marmara mai kauri da ke amsa diga da ƙara. Akwai mace, yumɓun da ya taurare, mai haɗiye sauti. Sai munafuki. Shi wannan a ido marmara ne sak, amma kaurinsa bai wuce tafin hannu ba, a ƙarƙashinsa kuwa yashi ne jiƙaƙƙe mai gudu. In mai haƙa ya fasa shi yana tsaye a kai, ƙasa za ta zame, bango ya biyo baya. Ido ba ya gane munafuki, kunne kaɗai ke kama shi, don kukansa na da ɗan kama da na ganga.

Tun da gwiwa ta hana Baba sauka, aikin ya rabu biyu. Amininsa Baffa Hamidu, ƙato mai 'ya'ya bakwai, shi ke shiga rami. In ya tarar da dutse sai ya buga diga sau uku, Baba kuma yana kwance rub da ciki a bakin rijiya, ya saurara, ya ce masa ya fasa ko ya fito. Baffa Hamidu bai taɓa iya rarrabe kukan ba, kuma bai damu ya iya ba. Yakan ce Allah ya ba shi damtse, ya ajiye masa kunne a jikin Bawa.

Ni na fara gane cewa kunnen nan ya tafi. Rediyon Baba ya koma yi wa unguwa duka labarai. In Inna ta tambaye shi ko a zuba masa fura, sai ya ce amin. Na yi masa magana sau ɗaya, ya harare ni har na ji kamar ban taɓa shiga aji ba. Bara duka a Dodoru suka yi aiki, inda ya san kowace shimfiɗar ƙasa da ka, don haka asiri bai tonu ba. Ni dai ban daina jin faɗuwar gaba ba duk ranar da suka ɗauki igiya.

Da rani ya tsananta bana, makiyayan Wurogauri suka aiko a haƙa musu rijiya. Baba bai taɓa sa diga a wannan ƙasa ba. Na ce zan bi su Baba in tsinci duwatsu don aikin makaranta. Gaskiya ne, amma ba ita ce ta kai ni ba.

A kwana na tara, da hantsi, rami ya kai gaba goma sha ɗaya. Ina gefe ina jera abin da guga ke fitarwa, jar ƙasa daban, farin yumɓu daban, sai muryar Baffa Hamidu ta taso daga ƙasa.

"Bawa! Na iske dutse!"

Baba bai motsa ba sai da mai jan igiya ya taɓa kafaɗarsa. Ya kwanta, ya miƙa kai cikin ramin. Dattawan garin suka matso, suka yi tsit, har aka kore shanu gefe. Diga ta sauka sau uku. Na ji ta sarai, amma me na sani? Shekara uku ina haddace sunayen duwatsu, ga dutse yana magana a gabana ban san me yake cewa ba.

"Sake bugawa," in ji Baba.

Aka sake. Ya juya ɗaya kunnen. Na ga zufa tana bin bayan wuyansa, yatsunsa sun nutse cikin ƙasar bakin ramin.

"Sake."

"Kai Bawa, zahi garai nan ƙasa!" Baffa Hamidu ya ɗaga murya yana dariya. "Mi kaj jiya? Namiji na ko munahuki? In hwasa?"

Na san halin mahaifina. Mutum ne da bai taɓa cewa bai sani ba a gaban jama'a, kuma ga jama'ar baƙon gari sun zuba masa ido. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da fita kunya, kuma sau tara cikin goma dutsen namiji ne. Na goman ne ya tsaya mini a rai, shi da fuskokin 'ya'yan Baffa Hamidu. In na yi magana na tozarta ubana, in na yi shiru ban san abin da zan gani ba. Na buɗe baki, wallahi ban san me zai fito ba.

Baba ya riga ni.

"Hamidu, aje diga ka hito," ya faɗa da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa. "Ban jiya ba. Kunnena ya mutu tun bara."

Aka ja igiya. Baba ya tashi zaune, yana kakkaɓe rigarsa a hankali, bai dubi kowa ba. Na ji tausayinsa, don na san daga yau babu mai sake aiko masa.

Baffa Hamidu ya fito jiƙe da gumi, fari fat da yumɓu. Ya sha ruwa, ya zo ya durƙusa dab da kunnen Baba.

"Na sani tun bara," ya ce.

Baba ya zaro ido. "Ka sani, kas shiga?"

"To, in ba ka jiya ba ai hwaɗi za ka yi. Ga shi kuwa ka hwaɗi."

Makiyayan suka yanke shawarar a jera zoben siminti har ƙasa kafin a taɓa dutsen, suka kira wasu masu aiki daga Kalgo. Mu muka naɗe igiyarmu. A hanya Baba ya karɓi jakata, ya zaro marmara biyu daga cikin waɗanda na tsinta, ya gwara su kusa da kunnena, idonsa a kan bakina.

"Rahmatu, mi kij jiya?"

"Ban sani ba, Baba."

"Madalla," ya ce. Ya sake gwarawa.